Gadar Igiya Da 'Yar Da Na Riƙa

  A wannan karon labarin wata tafiya na zo miki da shi, wadda muka yi zuwa bakin teku a ƙasar Gana a watan Disamba na 2018. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, domin kuwa akwai laifina a ciki, kuma kin san mu mata ba mu cika son tona asirin kanmu ba. To amma na ga idan na ɓoye, wataƙila wata tana can cikin irin halin da na kasance, ba ta sami mai gaya mata ba.

Lokacin da aka kai ni gidan maigidana na tarar da yarinya 'yar shekara huɗu, wadda mahaifiyarta ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ni na riƙe ta har ta kai shekara goma sha shida, a tsakani kuma Allah Ya ba ni nawa uku, maza biyu da auta mace. Da za ki tambayi maƙwabta a wancan lokaci, da sun ce miki ba su taɓa ganin matar uba irina ba. Atamfar sallah iri ɗaya nake yanka mana, naman miya ba na bambantawa, ban taɓa ɗaga hannu na dake ta ba. Sai dai akwai abin da maƙwabta ba sa gani. Ban taɓa zaunar da ita na tsefe mata kai muna hira ba, kuɗin kitso nake ba ta ta tafi. Ban taɓa sa mata sunan lele ba, "ke" ce kullum. Idan zuciyata ta tuhume ni, sai in ce ai kunyar ɗan fari ce irin tamu ta Hausawa, alhali na san ba kunya ba ce, nisa ne kawai na bari ya shiga tsakaninmu. Yarana suna ce mini Umma, ita kuwa Anti.

Dangin maigidana da yawa suna zangon Kumasi. Kakansa fataucin goro ne ya kai shi, irin fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna komowa da goro, har wasu suka yi aure suka zauna a can. Bikin 'yar ƙanwarsa ne ya sa muka tafi gaba ɗayanmu. Kafin tafiyar kuwa goggon yaran ta riga ta roƙi yayanta ya bar mata yarinyar ta ƙarasa karatu a wurinta, tunda nata duk sun yi aure, gida ya yi mata faɗi. Da alheri ta nema, ba da wata manufa ba. Maigida ya tambaye ni ra'ayina, na ce duk yadda ya gani daidai ne. 'Yar uwa, gaskiyar magana ita ce a raina daɗi na ji. Da hannuna na haɗa mata akwati biyu, ita kuma ba ta ce uffan ba.

Bayan an watse daga biki, sai baffan yaran, wato ƙanin maigida wanda aka haifa a can, ya ce ba za mu koma Kano ba sai yara sun ga teku, sun kuma hau gadar sama ta dajin Kakum. Ni dai na so in zame. Na ce masa mu da hutunmu shi ne a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin fanka, me zai kai mace mai 'ya'ya huɗu hawan dutse da kwanan tanti? Ga shi likita ya riga ya ce jinina yana ɗan hawa. Ya yi dariya ya ce ai likitan ma cewa ya yi ki riƙa tafiyar ƙasa. Yara suka sa ni a gaba da magiya, ba yadda na iya, na ɗauki hijabina.

Da asuba muka kama hanya bayan mun karya da koko da ƙosai. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne a duk faɗin Gana wannan koko mai yaji sunansa "Hausa koko", shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi kuma suna ce mata "waakye", daga kalmarmu ta wake, haka nan tuwonsu na arewa "tuo zaafi". Sai ki ji kamar ba ki bar gida ba. Daga Kumasi zuwa Kef Kos tafiyar sa'a huɗu ce zuwa biyar a mota, ta cikin gonakin koko na cakulan da na kwakwar manja da ayaba. A kan hanya muka wuce garin Asin Manso, inda akwai rafin da ake tsayar da bayin da aka koro daga arewa su yi wankan ƙarshe kafin a ƙarasa da su bakin teku. Baffa ya ce da yawansu daga kasuwar Salaga aka taso su, kasuwar da fataken Hausawa suka sani sarai. Motar ta yi shiru na ɗan lokaci.

Ban san yadda zan kwatanta miki teku ba idan ba ki taɓa gani ba. Na san Tiga, na san kogin Kaduna, amma duk waɗannan akwai tsallake. Wannan kuwa ki duba har idonki ya gaji, ruwa ne ya haɗe da sama, ga ƙara kamar ta hadarin da ba ya ƙarewa, ga iska mai ɗanɗanon gishiri a leɓe. Bakina ya kasa furta komai sai tasbihi. A gaɓa ga kwale-kwalen masunta Fanti jere, an yi musu fenti kala-kala da tutoci, maza suna jan taru da igiya suna waƙa, mata da manyan kwanoni suna jiran kifi. An gaya mana bisa al'adarsu ba sa fita kamun kifi ranar Talata.

Da la'asar muka shiga tsohuwar ganuwar Kef Kos, farin ginin nan da ke kan duwatsu a bakin ruwa. Turawan Suwidin ne suka fara kafa ta a 1653, daga baya ta koma hannun Ingila, garin kuma shi ne hedikwatar mulkin mallakarsu har zuwa 1877 da aka mayar Akara. Ba nisa da nan akwai ta Elmina, wadda 'yan Fotugal suka gina tun 1482. Mai yi mana jagora ya saukar da mu cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake tara ɗaruruwan mutane a ɗaki mai 'yar kafar iska can sama, ya nuna mana cewa a daidai saman kurkukun maza Turawan suka yi wurin ibadarsu. Ya kai mu ɓangaren mata, sannan ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Ko shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya zo nan da matarsa da 'ya'yansa a 2009.

A ɓangaren matan ne yarinyar nan, wadda tun daga Kumasi ba ta yi magana ba, ta ɗaga murya ta tambayi jagoran: su 'ya'yan da aka raba da iyayensu mata, wa yake riƙe su? Mutumin ya ce duk wanda ya samu. Ta gyaɗa kai kawai. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, na rasa dalili, ko kuma in ce na san dalilin na ƙi dubawa.

Washegari da sassafe muka nufi Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da garin. Daji ne mai duhuwa, wanda aka keɓe tun 1931, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1992, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 350. Sunan ya samo asali daga kogin Kakum da ke fitowa daga cikinsa. Akwai giwayen kurmi, waɗanda ba su kai na Yankari girma ba kuma da wuya a gan su, akwai birai iri-iri, tsuntsaye fiye da iri 250, da malam-buɗe-littafi kala ɗari-ɗari. A Kano mun baro hunturu, leɓe na tsagewa, a nan kuwa tun kafin mu fara tafiya gumi ya jiƙe mu.

Kafin a kai ga gadar sai an hau tudu, a kan matakalar duwatsu da saiwoyi, tafiyar kusan minti ashirin. Nan ido ya raina fata. Na zo da takalmi silifas da dogon hijabi har ƙasa, ina takawa ina tuntuɓe, numfashi kamar zai ɗauke. Maigida da baffa sun yi gaba da maza, auta tana wuyan babanta. Sau uku ina tsayawa in dafa bishiya, kuma duk lokacin da na tsaya sai in ga yarinyar ta tsaya a 'yar tazara, tana yi kamar tana kallon ganye. Gorar ruwana tana hannunta, ban ma san lokacin da ta karɓa ba.

Ita gadar an gina ta a 1995. Gadoji bakwai ne a jere, an ɗaura su daga wata doguwar bishiya zuwa wata, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, a wasu wurare kuma tsakaninki da ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40, wato kamar bene mai hawa goma ko fiye. Abin takawa katako ne da bai fi faɗin ƙafa biyu a haɗe ba, a kan tsanin ƙarfe, da raga ta igiya hagu da dama har zuwa ƙirji. Mutum ɗaya-ɗaya ake bi, ba a wuce juna. A jikin kowace bishiya an yi ɗan dandamali na hutawa. Jagoran ya ce a bar tazara, kada a yi tsalle, wanda kuma ya ga ba zai iya ba, bayan gada ta farko akwai gajeriyar hanya da za ta fitar da shi.

Na yi bisimilla na taka. Taku goma na farko lafiya lau. Da na kai tsakiya sai gadar ta fara lilo, katako yana ƙara, na yi kuskuren duba ƙasa. Kan bishiyoyi na gani a ƙarƙashina kamar an baza ganyen zogale a faranti. Gwiwoyina suka saki, hannuwana suka ƙanƙame igiya, na kasa gaba na kasa baya. Duk addu'ar da na sani ta gudu, sai "Innalillahi" kawai nake maimaitawa. Mutanen da ke bayana suka tsaya cirko-cirko, maigida yana can gada ta uku bai san abin da ake ciki ba.

Yarinyar tana gabana, ta kusa kai wa dandamali. Sai na ga ta juyo a hankali, ta dawo har inda nake, ta sake juyawa ta ba ni baya. Ta ce, "Anti, kada ki duba ƙasa. Ki kalli bayan hijabina kawai. Ki ɗora hannu ɗaya a kafaɗata, in na ce ɗaya ki taka." Muryarta ko rawa ba ta yi. Na ɗora hannuna a kafaɗarta, kuma a nan tsakanin sama da ƙasa na tuna cewa rabon da in taɓa jikin yarinyar nan tun tana 'yar firamare ina yi mata wanka. Kafaɗar 'yar siririya ce, amma ita ta ɗauke ni. Ɗaya, in taka. Ɗaya, in taka. Har muka isa.

A kan dandamalin jagoran ya nuna mini gajeriyar hanya. Na dubi yarinyar, na ga idonta yana kan doguwar, amma ta ce, "Mu bi gajeriyar, Anti, ba komai." Haka take tun tana ƙarama, ba ta taɓa neman abu a wurina ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin ba ta buƙatar komai. Na ce mata a'a, bakwai ɗin za mu bi, in dai za ki ci gaba da ƙirga mini. Ta yi murmushi. A gada ta huɗu har na iya ɗaga kai na ga wani tsuntsu mai ƙaton baki ya gifta, na ga daji ya miƙe kore shar har inda ido ya tsaya. Da muka sauka ƙafafuna suna kakkarwa, maza suna yi mini dariya, ita kuwa ta miƙo mini ruwa.

A daren muka kwana a wani wurin saukar baƙi a bakin teku yamma da Elmina, inda ake kafa wa mutane tanti a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa. Maza tantinsu daban, ni da 'yan matan namu daban. Muka yi sallar isha'i kasaru a kan yashi, teku tana hannunmu na dama, domin alƙiblar can gabas ce a ɗan karkata arewa. Muka ci gasasshen kifi da dokunu da yajin nan nasu mai baƙi. Auta ta yi barci, sauro yana kuka a wajen gidan sauro, ni kuwa barci ya ƙi zuwa. Na ji ita ma tana juyi.

Na daɗe ina shirya maganar a raina kafin na ce, "Kina son zama a wurin Goggo?" Ta yi shiru har na zaci ta yi barci. Can ta ce, "Duk yadda kuka ce." Na ce ba wannan na tambaye ki ba. Sai ta ce, "Na ga kin haɗa mini kayana duka, har da na sanyi, kuma nan ba a sanyi. Sai na gane kina so ki huta ne. Kin yi ƙoƙari ai, Anti, shekara goma sha biyu."

'Yar uwa, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yarinya ta zauna a gidan ubanta shekara goma sha biyu tana ganin kanta kaya ne da aka ɗora mini, tana lissafa mini ƙoƙari kamar baƙuwa. Ban dake ta ba, ban hana ta abinci ba, amma na bar ta da wannan tunani ita kaɗai tun tana 'yar mitsitsiya. Na yi kuka a daren nan irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na ce ta yafe mini. Na gaya mata gaskiya, cewa na shigo gidan ina yarinya, ina tsoron kada a ce na ci amanar marainiya, sai na mayar da riƙonta kamar aikin ofis, komai a auna, na manta da cewa yaro ba adalci kaɗai yake nema ba, yana son a ja shi a jiki. Ita ma ta yi nata kukan. Muka yi hira har kusan asuba, ta tambaye ni abubuwa game da mahaifiyarta waɗanda ta daɗe tana jin nauyin tambaya, na gaya mata ɗan abin da na ji daga dangi.

Da gari ya waye na sami maigida shi kaɗai a bakin ruwa, na ce, "Alhaji, ina neman alfarma. A ba Goggo haƙuri, da 'yata zan koma." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce dama shi bai so ba, ya ɗauka ni ce na gaji. Kin ga yadda shiru yake kashe gida: kowa yana zaton yana kyautata wa wani. Goggo ba ta ji daɗi ba da farko, na durƙusa na ba ta haƙuri da kaina, muka yi alkawarin za a riƙa turo mata ita lokacin dogon hutu. Akwati biyun nan suka dawo Kano tare da mu.

Idan Allah Ya ba ki ikon irin wannan tafiya, ga 'yan abubuwan da na koya da jikina. Ki sa takalmi kambas mai kama ƙasa, ki sa wando mai kauri a ciki da doguwar riga, hijabi kuma wanda ya tsaya a gwiwa, domin mai jan ƙasa yana kama saiwa da igiya. Sutura ba ta hana hawan tudu, zaɓen wadda ta dace ne kawai. Ki je da sassafe kafin rana da cunkoso, ki riƙe ruwan sha isasshe. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko juna biyu ta fara jin ta bakin likita. Kada ki kwana a waje ba gidan sauro. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, don haka salla ba ta da uzurin wucewa. Babban abin da zan ja kunnenki a kai shi ne yara da teku: gaɓar nan tana da igiyar ruwa mai ja ta ƙarƙashi, wadda kan janye ko wanda ya iya iyo. Kada ki bar yaro ya wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu, kada kuma ki ɗauke ido daga kansa ko na minti ɗaya. Sannan ledar da kika zo da ita ki koma da abinki, domin daji da teku amana ce.

Ba lallai sai Gana ba. A Legas akwai gandun Lekki da aka kafa a 1990, shi ma da gadar sama mai tsawon mita 401. Idan wannan ma ya yi nisa, ga Yankari, ga Dutsen Dala, ga Kufena. Ku dai fita tare, ku bar talabijin da waya, ku taka ƙasa har ku gaji. A gida kowa yana da inda yake ɓuya, ke kina kicin, shi yana waje, yara suna ɗaki. A hanya kuwa babu wurin ɓuya, dole wani ya riƙe wa wani ruwa.

Yarinyar tawa yanzu ta zama budurwa, har manema sun fara sallama. Har yau Anti take ce mini, bakinta ya riga ya saba, ni ma ban nemi ta sauya ba. Amma duk ranar Juma'a da yamma ni nake tsefe mata kai, kuma duk abin da ya dame ta ni take fara gaya wa. Idan akwai wani yaro a gidanki, naki ko na wata, wanda kike ba shi komai amma ba ki tuna ranar da kika dafa kafaɗarsa ba, kada ki jira sai kin sami kanki a kan gadar igiya kamar ni. Ki kira shi yau ki tambaye shi abin da yake so, ki kuma jira har ya ba ki amsa ta gaskiya.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana, Ya jiƙan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.